Fitilun da suka hana Washintan barci a 1952

Ko kana wannan ɓangaren iyaka ko kana wancan, sama dai ɗaya ce a kanmu, kuma da wuya a ce ba ka taɓa ɗaga kai da dare ka ga wani haske da ka kasa gane ko mene ne ba. Kai idan ka gani, iyaka ka yi salati, ka kira maƙwabci ya zo ya taya ka kallo, gobe a yi hirarsa a majalisa. To amma shi sojan da aka damƙa wa tsaron sararin samaniyar ƙasa, in ya ga irin wannan haske dole ne ya yanke shawara cikin mintoci: ya tayar da jirgin yaƙi ko ya bari, ya harba ko kada ya harba. Yau za mu je Amurka ne, mu ga yadda sojojin samanta suka yi da wasu fitilu da suka bayyana a kan babban birninsu a watan Yuli na 1952, da abin da binciken ya haifar.

Ka fara sanin halin da ake ciki a lokacin. A 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada bam ɗinta na nukiliya, Amurka ta daina zama ita kaɗai mai shi. Yaƙin Koriya yana ci. Babban abin da ke hana manyan sojan Amurka barci shi ne wata rana jiragen Rasha su kutso da dare ba a ankara ba. Saboda haka ne ma a ranar 14 ga Yuli, 1952, aka sa 'yan sa kai su fara gadin sama dare da rana, suna tsaye a kan rufin gidaje da tabarau mai hangen nesa, suna buga waya in sun ga wani abu. Ga kuma jaridu da suka shekara biyar suna labarin "faranti mai tashi", tun daga 1947 da wani matuƙin jirgi mai suna Kenneth Arnold ya ce ya ga abubuwa tara suna gudu a kusa da wani tsauni. Mutanen da aka ce su kalli sama, kuma aka cika musu kunne da labari, ai sai sun ga abu.

Kwana biyar da fara wannan gadi, ran Asabar 19 ga wata, ƙarfe 11:40 na dare, wani ma'aikaci mai ba jirage hanya a filin jirgin sama na Washintan, Edward Nugent, ya ga ɗigo bakwai a allon rada. Rada nake nufi, na'urar nan mai hango jirage, ba raɗa ta kunne ba. Ɗigon suna wajen kilomita 24 kudu da birnin, a wurin da babu wani jirgi da aka san da zamansa. Ya kira shugabansa, Harry Barnes. Aka duba na'ura, lafiyarta lau. Barnes ya kira hasumiyar filin, wadda ke da tata radar daban, suka ce su ma suna gani, har ma sun leƙa ta taga sun ga wani haske mai ƙarfi a sama. Can sai ɗigon suka matso kan fadar shugaban ƙasa da ginin majalisa, wuraren da doka ta hana kowane jirgi ratsawa. A sansanin sojan sama na Andrews da ke kusa, wani ƙaramin soja ya ce ya ga abu kamar ƙwallon wuta mai ruwan lemo. Wani matuƙin jirgin fasinja, S. C. Pierman, ya ce ya ga fitilu shida masu tsananin gudu cikin minti 14.

Jiragen yaƙi samfurin F-94 ba su iso ba sai wajen ƙarfe uku na dare, daga jihar Delaware. Kafin su iso ɗigon sun ɓace. Mai ya ja baya, jiragen suka koma, ɗigon suka dawo. Barnes ya ɗauka cewa abin yana sauraron maganganunsu ta rediyo ne. Ba a daina ganinsu ba sai 5:30 na asuba.

To ina masu bincike? Akwai su. Rundunar sojan sama tana da wani ɗan ofis da aka ɗora wa wannan aiki, ana ce masa Blue Book, wato Shuɗin Littafi, a sansanin Wright-Patterson da ke jihar Ohio. Shugabansa wani Kyaftin ne mai suna Edward Ruppelt. Ka ji abin mamaki: mutumin da aikinsa ke nan bai ji labarin ba sai ran Litinin, kuma a jarida ya gani, alhali yana cikin Washintan ɗin. Shi da kansa ya ba da labari a littafin da ya wallafa a 1956, cewa ya nemi motar ofis don ya zaga ya ji ta bakin shaidu, aka ce mota ta manyan hafsoshi ce, in yana so ya ɗauki tasi da kuɗin aljihunsa. Ransa ya ɓaci, ya koma Ohio. Kowa ya taɓa aikin gwamnati a ƙasashenmu, ya san wannan amsa.

Asabar ta zagayo, 26 ga wata, abin ya sake dawowa, wannan karon tun ƙarfe 8:15 na dare. An turo hafsoshi biyu ɗakin rada, ɗaya daga cikinsu ƙwararre ne a kan na'urar daga rundunar sojan ruwa, suka zauna suna kallo da idonsu. Aka sake tayar da F-94 guda biyu. Ɗaya matuƙin bai ga komai ba. Ɗayan, Laftanar William Patterson, ya ce ya ga fararen fitilu huɗu, ya bi su iyakar gudun jirginsa bai cim musu ba. An ruwaito cewa a wani lokaci sai ya ga kamar sun kewaye shi, ya tambayi na ƙasa abin da zai yi, ɗakin ya yi tsit, ba wanda ya ba shi amsa. Ka tsaya a nan ka yi tunani, mai sauraro. Saurayi a cikin jirgi ɗauke da makamai, a kan birni mai cike da jama'a da jiragen fasinja, cikin duhu, yana tambaya, kuma manyansa ba su san abin da za su ce masa ba. Abin da ya sa soja ba sa wasa da wannan batu ke nan.

Kuma an riga an yi asarar rai. A watan Janairu na 1948 wani Kyaftin Thomas Mantell ya bi wani abu mai ƙyalli a saman jihar Kentucky, ya yi ta hawa ba shi da iskar shaƙa, ya suma, jirgin ya faɗo da shi. Da farko soja suka ce tauraruwar Zara ya bi. Daga baya aka fi karkata ga cewa wani ƙaton balan-balan ne na binciken sojan ruwa, wanda a lokacin sirri ne, shi Mantell bai san da shi ba.

Mu koma Washintan. Jaridu suka ɗauka, wayoyin Fentagon suka cushe. Shugaba Harry Truman ya sa hadiminsa na sojan sama ya kira Ruppelt ya tambaye shi. Ruppelt ya ce mai yiwuwa yanayin iska ne ya ruɗi na'ura, alhali a lokacin bai zauna da shaida ko ɗaya ba. Ran 29 ga Yuli, Manjo Janar John Samford, shugaban sashen leƙen asiri na sojan sama, ya kira taron 'yan jarida mafi girma da Fentagon ta yi tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ce fitilun da aka gani da ido taurari ne da duwatsun sama masu ƙonewa, ɗigon rada kuwa juyewar zafin iska ce ta kawo su, kuma babu wata barazana ga ƙasa.

Bari in warware maka wannan juyewar zafi, don ka san ta ko da ba ka san sunanta ba. A al'ada, in kana hawa sama iska tana ƙara sanyi. Amma a daren da iska ta kwanta, ƙasa takan huce da sauri, iskar da ke dab da ita ta yi sanyi, mai ɗumi ta zauna a kanta kamar murfi. Ka tuna safiyar hunturu, lokacin da hayaƙin murhu ke tashi kaɗan sai ya kwanta ya shimfiɗu a kan gari ya ƙi wucewa? Murfin ke nan ya tare shi. Wannan murfi yana lanƙwasa haske, yana kuma lanƙwasa igiyar rediyo. Ɗan'uwan kawalwalniya ne, wadda kake hangowa kamar ruwa a kan kwalta da tsakar rana. Shi ne kuma yakan sa wata rana ka murɗa rediyonka ka kamo tashar FM ta wani gari mai nisa a tsallaken iyaka, wadda ba ka saba samu ba, rana ta ɗaga ta ɓace.

Rada kuwa igiyar rediyo take harbawa, ta jira ta dawo. In murfin ya lanƙwaso igiyar ƙasa, sai ta bugi dogon gini, ko mota a kan gada, ko jirgin ruwa, ta koma, allo ya nuna ɗigo kamar abu ne a sama. Irin waɗannan na'urori na filin jirgi nisa da kusurwa suke nunawa, ba sa faɗin tsawo. Sannan eriyar juyawa take yi. In ɗigo ya fito nan a wannan zagaye, wani ɗigon daban ya fito can a zagaye na gaba, mai kallo zai iya haɗa su ya ce abu ɗaya ne ya yi tsalle. Ta haka za a iya samun lissafin gudu na fitar hankali, kamar wanda aka yi a waɗancan darare har ya kai kilomita 11,000 a awa. Akwai ma wani misali a bayanin Ruppelt: an yi ta tura wani jirgin soja kan wani ɗigo, duk lokacin da ya isa sai matuƙin ya ga jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa a kogin Potomac.

Ido ma yana da nasa ruɗin. Tauraron da ke ƙasa-ƙasa kusa da doron ƙasa yakan yi ta canza launi, ja, kore, fari, saboda kaurin iskar da haskensa ke ratsowa. Kuma in ka ƙura wa haske ɗaya ido a cikin duhu, babu bishiya ko gini kusa da shi da za ka gwada, ba za a jima ba za ka ga kamar yana motsi. Gwada da daren nan ka gani. Yanzu ka ɗauki mutumin da aka kira ta waya aka ce masa rada tana nuna abu a gabas da kai, leƙa. Zai leƙa, kuma akwai tauraro a gabas. Wasu ma'aikatan hasumiyar Andrews da suka fara cewa sun ga ƙaton ƙwallo mai ruwan lemo, daga baya sun ce tauraro ne.

A ganina, bayanin Samford ya fi kowane kusa da gaskiya. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen farar hula ta bi bayanan yanayi daga baya, ta ga cewa kusan duk lokacin da irin waɗannan ɗigo suka fito akwai juyewar zafi. Amma da walakin. Barnes da mutanensa sun ƙi yarda, suka ce kullum suna ganin ɗigon yanayi, sun san kamanninsa, wannan daban ne. Ruppelt ma ya lura cewa a wannan bazarar da wuya dare ya wuce a Washintan babu juyewar zafi, to me ya sa sai a 'yan darare kaɗan aka ga abin? Tambaya ce mai kyau, kuma ba a tsaya an amsa ta yadda ya kamata ba. Babban laifin taron 29 ga Yuli shi ne an yanke hukunci kafin a saurari shaidu. Ku da kuka san yadda ake karɓar shaidar ganin jinjirin wata, kun san ba a yin haka. Sai an zaunar da mutum an tambaye shi: ƙarfe nawa, ta wace kusurwa, ina ƙahonninsa suka fuskanta, wa ke tare da kai. Ko da za a ƙi karɓar shaidarsa, ya san an ji shi.

Rahotanni 1,501 suka shiga ofishin Blue Book a 1952 kaɗai. Wannan ya tayar da hankalin hukumar leƙen asiri ta CIA, kuma ba baƙi daga wata duniya take tsoro ba. Tsoronta shi ne layukan waya da na rahoton tsaro. In fitilu a sama za su iya cushe su haka, to ran da abokin gaba zai kawo hari na gaske, sai ya fara watsa jita-jitar faranti, gargaɗin gaskiya ya nutse a cikin hayaniya. A watan Janairu na 1953 ta tara wasu manyan masana kimiyya a ƙarƙashin H. P. Robertson, cikinsu har da Luis Alvarez wanda daga baya ya ci kyautar Nobel. Suka yi 'yan kwanaki suna duba fayiloli da finafinai, suka ce babu alamar barazana daga abubuwan da ake gani, barazanar tana cikin yawan rahoton. Shawararsu ita ce a yi amfani da kafofin watsa labarai a rage wa batun kwarjini a idon jama'a, a kuma sa ido kan ƙungiyoyin farar hula masu bibiyarsa. Aka rufe rahoton a matsayin sirri.

Daga nan aikin Blue Book ya sauya. Ofis da aka kafa don ya gano, ya koma ofis mai neman rufe fayil. Sai kuma wani abu ya ƙara dagula lissafi. A 1955 aka fara gwajin jirgin leƙen asiri na U-2, mai tashi sama da mita 18,000, lokacin da jiragen fasinja ba sa wuce mita 6,000. Da magariba, ƙasa ta yi duhu, shi kuwa can sama rana tana dukan fukafukansa masu ruwan azurfa, matuƙin jirgin fasinja ya ɗaga kai ya ga wuta a inda ya san babu jirgin da ke kaiwa. Ya kai rahoto. Masu bincike su duba jadawalin tashin U-2 a asirce, su gane, amma ba su da izinin faɗa, sai su ce masa ƙanƙarar sama ce ko yanayi. Wani masanin tarihi na CIA, Gerald Haines, ya bayyana haka a 1997, har ya ce fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na 1960 irin waɗannan jirage ne. Akwai masu jayayya da wannan adadi, amma ita rufa-rufar hukumar ce da kanta ta amsa ta. To ka ga mutumin da ya ga abu na gaske, aka ce masa idonsa ne. Ran da aka zo aka gaya masa gaskiya kuma, ina zai yarda?

An ga sakamakon haka a watan Maris na 1966, da mutane da dama suka ga fitilu a jihar Michigan. Aka tura masanin taurari J. Allen Hynek, wanda ya daɗe yana ba sojan sama shawara. Ya ce mai yiwuwa wasu daga ciki iskar da ke fita daga ruɓaɓɓen ciyayi a fadama ce. Ƙasa ta ɗauka da dariya da fushi. Gerald Ford, ɗan majalisa daga jihar wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya nemi majalisa ta yi zama a kai. Soja suka miƙa aikin ga Jami'ar Colorado a ƙarƙashin masanin kimiyya Edward Condon, shi kuma ya ce ci gaba da binciken ba zai ƙara wa kimiyya komai ba. Ran 17 ga Disamba, 1969, aka sanar da rufe Blue Book. Jimillar rahotanni 12,618, waɗanda aka bari a matsayin ba a gano ba 701. Kada kalmar nan ta ruɗe ka. In an ce ba a gano ba, ana nufin ba a samu bayanin da ya dace da shaidar da ke hannu ba, ba a ce an gano baƙi ba. Hynek kansa, wanda ya fara aikin yana mai shakka, ya ƙare yana sukar yadda soja suka riƙe shi.

Tsugune ba ta ƙare ba. A 2021 hukumomin leƙen asirin Amurka suka fitar da rahoto kan abubuwa 144 da galibi matuƙan jiragen soja suka gani, ɗaya tak suka iya bayyanawa da tabbaci, wani balan-balan da ke sacewa. A 2022 Fentagon ta sake buɗe ofis na musamman, wanda a 2024 ya ce bai ga wata hujja ta fasahar wata duniya ba. A watan Fabrairu na 2023, bayan an harbo balan-balan ɗin Sin, sai aka gyara na'urorin rada don su riƙa nuna ƙananan abubuwa masu tafiya a hankali, waɗanda da ake tacewa. Cikin kwana uku jiragen yaƙi suka harbo abubuwa uku, da makamai masu linzami da kowanne ya kai wajen dala 400,000. Shugaba Joe Biden ya fito ya ce da alama na kamfanoni ne, ko na masu bincike, ko na masu sha'awa. Wannan da sauƙi, kuɗi ne kawai. A ran 8 ga Janairu, 2020, masu tsaron samaniyar Iran sun ɗauki jirgin fasinjan Yukren a matsayin makami mai linzami, suka harbo shi jim kaɗan bayan ya tashi daga Tehran. Mutum 176 suka mutu, kuma sai da aka kwana uku hukuma tana musu kafin ta amsa.

Samaniyarmu ta nan ma ta cika fiye da da. Akwai jirage marasa matuƙa da sojojin ƙasashen yankin nan ke amfani da su. Akwai taurarin ɗan'adam na Starlink, waɗanda in an harba su sababbi sukan bi juna a jere kamar carbi, bayan magariba ko kafin asuba, su wuce shiru cikin 'yan mintoci. Akwai duwatsun sama, irin wanda ya fashe a kan hamadar arewacin Sudan da asubahin 7 ga Oktoba, 2008, wanda masana suka hango tun kafin ya iso, daga baya ɗaliban Jami'ar Khartum suka bi sahara suna tsintar gutsattsarinsa. In ka ga haske, abin da zai amfani mai bincike shi ne irin abin da Ruppelt ya rasa motar zuwa tambaya. Duba agogo ka riƙe lokacin. Lura da kusurwa, ka gwada da alƙibla in ta fi maka sauƙi. Miƙe hannu ka auna dunƙule nawa ne tsakaninsa da doron ƙasa, ka tsaya inda bishiya ko kan katanga za su nuna maka ko da gaske motsi yake. In yana ƙyaftawa da ja da kore a kai a kai, jirgi ne. In kuwa gobe war haka ka same shi a wuri ɗaya, yamma bayan faɗuwar rana, yana haske fiye da kowane tauraro, to gaishe da Zara matar wata.